Surukata da Bel ɗin Injina

Daga Allah muke, kuma gare shi ake mai da mu ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata da hantsi aka mai da surukata, uwar matata, wadda duk Tudun Wada ke ce wa Inna. Kafin azahar an sallace ta an rufe. Ina cikin waɗanda suka kama makara, kuma tun da na auri ɗiyarta ban taɓa matsawa kusa da ita kamar ranar ba.

Kwana uku muka yi muna zaman makoki a ƙofar gida. Na ɗauka 'yan asibiti ne za su cika wurin, tunda can ta ƙarar da ƙuruciyarta tana aikin jinya a ɗakin da ake kai waɗanda suka yi haɗari. Sun zo, ba su yi laifi ba. Sun zo da farar motarsu, sun yi addu'a, sun koma bakin aiki. Waɗanda suka hana mu miƙe ƙafa su ne 'yan kabu-kabu da baburansu, da direbobin tasha, da masu faci, da mata daga Mada da Bungudu waɗanda ko sunanta na yanka ba su sani ba. Babura suka toshe layin har mai ruwa ya rasa inda zai turo kurarsa.

Abin da na lura da shi, ba wanda ya ce ta taɓa ba shi wani abu. Kowa faɗa yake tunawa. Wani ɗan kabu-kabu ya ce, "Wallahi rannan tsakiyar titi tat tsai da ni, tac ce ba ni motsawa sai matar da ke bayana ta tattara hijabinta. Ga mutane, ga jiniya, ita ko ta riƙe kan babur." Wani dattijon direba da ke jigila tsakanin Gusau da Tsafe ya ce, "To, mun huta da hwaɗa." Aka ɗan yi dariya. Sai ya zare hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na rawa, ba wanda ya sake dariya.

Ni kuwa duk wanda ya zo gabana sai ya riƙe hannuna ya ce na yi dacen suruka, Allah ya ba ni haƙuri. Ina amsawa da baki kawai. Abu ɗaya tak matar nan ta taɓa roƙona a duniya. Na ce mata to, na shekara takwas ina jan ƙafa, har aka rufe ta ban yi ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ni da ba na rubuta komai sai lambar waya.

Ni mai injin niƙa ne. Rumfata na bakin hanya, ina niƙa dawa da masara da gero tun ban ajiye gemu ba. Ban yi karatun asibiti ba, abin da na sani na aikin Inna daga bakin matata na ji shi, da kuma abin da idona ya gani.

Matata ta ce tun suna yara, akwai ranakun da Inna kan dawo daga aiki ta ƙi cin nama. Ba ta faɗin dalili, su ma ba sa tambaya. Maganarta ɗaya ce: "Na gaji da ɗinkin mutane, ni ba tela ba ta." Da asibitinsu ya kafa ayarin da zai riƙa fita kasuwanni da tashoshi yana koya wa jama'a yadda za su kauce wa rauni, ita ta fara miƙa hannu. Fitar farko an yi ta da farar mota da lasifika da manya masu babbar riga, an jera kujeru, an ɗauki hoto. Fita ta biyu manya sun yi uzuri. Kafin shekara ta zagayo motar yau ba mai, gobe ba taya, ayarin ya zaizaye har ya rage saura Inna da jakarta. Sai ta koma shiga motar haya a ranakun hutunta, kuma ko da ta yi ritaya ba ta fasa ba.

Ba ta iya dogon jawabi ba, ba ta kuma son karin maganar nan ta rigakafi ya fi magani. Ta ce an faɗe ta har ta suɗe, kowa ya iya ta, ba mai aiki da ita. Ita nata salon daban ne. In ta je gidan suna sai ta fito da kwalbar lemo daga jaka, da ruwa a ciki, ta ajiye a tsakiyar tabarma, ta ci gaba da hira kamar ba ita ba. Ba a daɗewa wani mai rarrafe zai miƙa hannu ya kai baki. Nan za ta cafke hannun ta ɗaga murya: "Kun gani? Da kananzir na ciki, irin wanda kuke zubawa kwalba ku aje ƙarƙashin gado, da yanzu muna bisa hanyar asibiti." Kafin mata su gama salati ta shiga zancen cewa kada a ɗura wa yaro manja, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, a ɗauke shi a tafi. Ƙuna kuma ruwa take so, ruwa mai sanyi a yi ta zubawa, ba ƙwai ba, ba gishiri ba, ba man goge baki ba.

A tashar Tsafe, in ji direban nan da ya yi kuka, ta taɓa sa shugaban tasha da tumbinsa ya kwanta a kan ƙyauren da aka ciro, don ta nuna yadda ake ɗaukar wanda mota ta buge ba tare da an lanƙwasa masa wuya ba. Mutum shida suka kama, shugaba na sama yana roƙon a sauke shi, ita ko tana faɗin, "Hakanan za ku yi, ba ku ja shi hannu da ƙahwa awa buhun masara ba."

Kada wani ya ɗauka tana jin daɗin abin. Ta gaji, kuma ba ta ɓoye gajiyar. Matata ta ce akwai ranar da wata mata da Inna ta zauna da ita har gida ta koya mata, bayan mako biyu ta kawo ɗanta asibiti an shafe masa ƙirji da man goge baki a kan ƙunar ruwan zafi. Matar ta ce uwar mijinta ce ta ce a shafa, ita kuma ba ta iya musu da ita. Inna ta wanke yaron, ta dawo gida ta zauna bakin gado ko takalmi ba ta cire ba. Ta ce da matata, "Ruwa nike ɗiba da kwando." Washegari kuma ta ɗauki jakarta ta nufi Mada. Da hanyar Magami ta zama abin da ta zama saboda 'yan bindiga, 'ya'yanta suka hana ta zuwa. Sai ta koma tare matan Magami a tasha, duk wadda ta zo cefane sai ta ji karatun ƙuna kafin ta hau mota.

Wannan matar da ke riƙe kan babur a tsakiyar titi, ni kaɗai ne ba ta iya yi wa magana. Matata ita ce 'yar farinta, ni kuma mijin 'yar fari, kunyar ta zama biyu. Ba ta kiran sunana, ba ta cin abinci a gabana, in mun yi kiciɓis a lungu ɗayanmu zai ga wani abin kallo a jikin bango. In na je gaisuwa daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ita tana bayan labule. Haka muka gada, ni kuma ban taɓa ganin aibinsa ba, don yana hutar da ni.

To ga inda gizo ke saƙar. Kowane injin niƙa yana zuwa da kejin waya da ke rufe bel, wato igiyar robar da ke juya shi. Kuma duk mai inji ya san abin da ake fara yi in an kafa sabo: a kwance kejin. Bel yakan zame sau da yawa a yini. In da keji, sai ka kashe inji, ka kwance noti huɗu, ka mayar, ka ɗaure, mata na tsaye da kwanoninsu suna maka tsaki. In babu, da guntun sanda kake tura shi inji na tafiya. Maigidana da ya koya mini haka ya yi, nasa maigidan ma haka. Nawa kejin a gida yake, kaji na kwana a ciki.

Inna ta wuce ta gaban rumfata wata rana ta gani. Ta ce da matata, "Ki gaya ma mijinki injin ga nashi zai ci mutum." Matata ta san halina, ba ta son tashin hankali. Abin da ya iso kunnena shi ne, "Inna na gaishe ka, ta ce ya inji." Na ce inji lafiya lau, ina amsawa. Karo na biyu ta aiko ƙanenta, wanda muke ce wa Kawu. Kawu ya zo ya zauna a bencina, muka yi zancen damina da takin zamani har ya sha fura, sai da ya miƙe ya sa takalmi ya ce, "Yaya tac ce a riƙa lura." Ainihin kalmominta sai bayan shekaru na ji su. Amma kada in yi wa kaina ƙarya a kan takarda, tun saƙon farko na gane abin da take nufi.

Wata safiya rumfa cike da mata, ina ta zuba masara, sai na ɗaga kai na ga Inna tsaye a gabana da jakarta. Ta yi mini alama da hannu in kashe inji. Na kashe. Duk wanda ya san ƙarar injin niƙa ya san irin shirun da ke biyo bayanta. A cikin shirun nan ta kira sunana na yanka, gatsal, a gaban kowa. Na rantse har ranar ban tabbata ta san sunan ba.

Ta ce, "Na aiko, na sake aikowa. Tunda saƙo bai isowa, ga ni na taho da ƙahwata. Ka ruhe bel ɗin ga. Na ɗinka abin da irinshi yay yi ma ɗiyan mutane, ba ni son in ɗinka nawa."

Kaina na ƙasa, kunnuwana na zafi. Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma bakina ya riga hankalina, na ce, "Inna, ai tsautsayi bai wuce ranarshi."

Ta ce, "Bai wucewa. Amma kai kullum goron gayyata kake aika mishi."

Matan suka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta kai ni ta baro. Allah shaida ne, kafin zuwanta na fara tunanin ɗauko kejin. Daga ranar kuwa sai na ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan mayar ba, kada a ce suruka ta zo ta tsawata masa ya bi. Na koma gida na sauke wa matata kwandon faɗa, ita da ba ta ci ba ba ta sha ba. Wata huɗu ban taka gidan Inna ba, sai da salla ta zo ba yadda zan yi.

Ɗiyarmu ta fari sunan Inna aka sa mata, saboda haka ba mai kiran sunan a gidana. Inna ke ce mata Takwara, har ya bi ta. Lokacin shekararta tara. Ranar wata Alhamis, ana hutun makaranta, uwarta ta aiko ta da tuwona na rana. Hannuna duk gari, gabana cike da kwanonin mutane, sai na nuna mata kusurwar bayan inji na ce ta ajiye can. Ni na ce ta bi ta nan. Ba gudu take ba, ba wasa take ba, kwano ne a hannunta tana lallaɓawa kada miya ta zube. Ta ajiye, ta juyo, bel ya kama gefen hijabinta. Ta kai hannun dama ta fizge, hannun ya bi.

Ban san yadda na kashe injin ba. Abin da nake tunawa shi ne wani mai faci ya sheƙo da kwalbar fetur zai zuba a ciwon, wai yana tsai da jini. Wata mata cikin masu niƙa, wadda ban san ta ba, ta bangaje shi ta ce, "Inna ta hana!" Ta zaro sabon ɗankwali daga jakarta ta naɗe hannun, ta ɗaga shi sama, ta ɗora hannuna a kai ta ce, "Danne. Kada ka saki, kada ka leƙa." Haka na riƙe har asibiti. Likita ya ce da ba a danne ba da labarin ya fi haka muni. Ashe matar a gidan suna ta taɓa jin Inna.

Inna na bakin aiki ranar. Ina kallonta lokacin da ta gane wadda aka shigo da ita. Ba ta yi salati ba, ba ta dube ni ba. Ta sunkuya ta kama fuskar yarinyar ta ce, "Takwara, ni ta. Dibe ni, bar diban hannun." Aka shiga da su. Yatsu uku suka tafi, aka ceto babban yatsa da ƙaramin.

Da Inna ta fito ina durƙushe a baranda. Na shirya wa faɗa, wallahi so nake ta yi mini shi a gaban duniya, ko na ji sanyi. Ta wuce ni ta tsaya wurin matata, ta ce, da muryar da zan ji, "Ki ce mishi ya tashi ya ci abinci." Shi ke nan. Ta koma bayan labulenta, kuma har ta bar duniya ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba.

Na kori kaji, na wanke keji, na ɗaure shi da noti huɗunsa. Wannan bai yi mini wuya ba. Abin da ya gagare ni shi ne bakin mutane. 'Yan dubiya suna zuwa, kowa sai ya tambaya garin yaya. Mutum na farko na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai na ji na ce, "Yara da wasa, ka san su. Kafin in ankara ta faɗa." Na ga ya gyaɗa kai ya tausaya mini. Na biyu ma haka na gaya masa. Kafin a sallame ta maganar ta yi santsi a bakina, har ina ƙara cewa na sha hana ta. A gaban yarinyar nake faɗa, tana kwance tana kallon rufin ɗaki. Sau ɗaya na faɗa Inna na wurin tana gyara bandeji, hannunta ya tsaya kaɗan, sannan ta ci gaba.

Bayan ciwon ya warke ta aiko in je. Na durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, ta katse ni daga bayan labule.

"Ba ni kac cuta ba, bar ba ni haƙuri. Abu guda nike so. Masu inji na Bungudu suna nan jere bakin kasuwa. Na tahi sau biyu, sun ce tsohuwa mi tas sani ga inji. Gaskiyarsu, ban taɓa riƙa shi ba. Kai nasu na. Ka tahi ka tsaya gabansu ka hwaɗi yadda anka yi." Sannan ta ƙara, "Yadda anka yi, ba yadda kake hwaɗi ba."

Na ce, "To, Inna."

Bungudu ba Makka ba ce, mutum na iya zuwa ya dawo bai rasa azahar a Gusau ba. Amma lokacin kaka ne, niƙa ta yi yawa. Bayan kaka azumi ya matso. Bayan salla inji ya lalace. Da damina hanya ba daɗi, da rani kuma ana maganar tsaro. Uzuri bai taɓa yanke mini ba, kuma kowanne da ƙamshin gaskiya a jikinsa. Gaskiyar ita ce ina jin tsoron in tsaya gaban 'yan'uwana masu inji in ce ni na nakasa ɗiyata saboda an yi mini dariya. Duk sallar da na je gaisuwa, bayan an gama ina gajiya ina iyali, sai ta ce, "Ina batunmu?" In ce, "Yana nan, Inna." A shekara ta biyar ta daina tambaya. Na ɗauka zan ji sauƙi, sai ya zama gaisuwar ta fi yi mini nauyi.

Takwara kuwa ta girma da hannunta cikin hijabi. Ta koyi rubutu da hagu, ta koyi ci da hagu. Wata rana ina bayanta a shago, ta miƙa hagu za ta karɓi sabulu, mai shagon ya janye ya ce, "Ke, ba a koya miki ladabi gida ba?" Sai ta tallafa da hannu biyu daga cikin hijabi ta karɓa. Ni ubanta ina tsaye, na yi kamar ina duba wayata. Yarinyar ba ta taɓa yi mini zancen ranar Alhamis ɗin ba, ni ma ban taɓa yi mata ba. Na gaya wa kaina ƙarama ce lokacin, ta manta, ko kuma ta yarda da abin da ta ji ina faɗa. Ban san wanne ya fi muni ba, na bar shi a haka.

Ciwon Inna bai yi tsawo ba. Zuwana na ƙarshe an fito da ita tsakar gida tana shan hantsi, ba labule a tsakaninmu, ta rame har na ji kunyar kallonta. Na durƙusa nesa. Na ƙudura cewa in ta tambaya zan ce mako mai zuwa, kuma wannan karon da gaske nake. Ta amsa gaisuwa, ta tambayi yara, ta ce Allah ya yi albarka. Na jira, ba ta ƙara komai ba. Kwana biyar tsakani aka kira ni a rumfa.

Bayan addu'ar bakwai aka ce sai an je an yi wa yayar Inna gaisuwa, tsohuwa ce da ba ta iya tafiya, kuma a Bungudu take aure. Matata na fama da baƙi, aka haɗa ni da Takwara, yanzu shekararta sha bakwai. Muka je muka yi gaisuwa muka fito. Hanyar tasha ta bakin kasuwa ta bi, tun daga nesa na ji ƙarar da na fi sani a duniya. Inji biyar a jere, ba ko ɗaya mai keji, 'yan mata na kai da kawo a tsakaninsu da kwanoni a ka.

Na wuce na farko, na wuce na biyu. A na uku ƙafata ta tsaya. Na yi wa mai injin alama ya kashe, na ce ni ɗan sana'a ne daga Gusau, ina da magana. Suka karrama ni, aka kashe sauran, aka jawo mini benci. Takwara ta tsaya a gefe.

Ko a nan sai da na nemi hanyar zillewa. Na ce akwai wani mai inji da na sani. Na ba su labarin duka, kejin da kaji ke kwana ciki, saƙon suruka, zuwanta da ƙafarta, dariyar mata, tuwon rana, har da abin da mutumin ya riƙa gaya wa 'yan dubiya. Ban rage komai ba sai sunan mai shi. Babbansu, wani dattijo da gari ya cika wa gira, ya girgiza kai ya ce, "Subhanallahi. An gaya mai, yaƙ ƙiya, kuma yal laƙa ma ɗiyar? Wane irin uba na wanga? Ɗan ina na?"

Na ce, "Ni na." Ba su ji da kyau ba, sai da na sake faɗa da ƙarfi. "Ni na. Ga ɗiyar nan tsaye. Ba wasa take ba, tuwo tak kawo min, ni nic ce ta bi ta nan."

Ba zan ce sun rungume ni ba. Ɗaya ya ce Allah shi kyauta. Ɗaya ya ce ƙaddara ce, ba a tsere mata. Dattijon ya daɗe yana kallon bel ɗinsa, sannan ya tambaye ni ko mai walda zai iya ƙera keji, don nasa ya ɓace tun tuni. Na ƙarshen layi kuwa tuni ya tada injinsa, mata na jiransa. Ban san ko mutum nawa za su rufe ba, mai yiwuwa ɗaya, mai yiwuwa babu. Magana ce da ba ta kai tsawon shan shayi ba, amma na miƙe a gajiye kamar na yini ina dakon buhu. Inna kuwa haka ta yi ta yi, shekara da shekaru, da jaka a kafaɗa.

Muka kama hanyar tasha, ina gaba tana baya. Da muka bar hayaniya na tsaya, ban iya juyowa sosai ba, na ce, "Takwara, ki yahe min."

Ta ce, "Baba, ai na sani. Inna ta gaya min tun ina kwance asibiti, tac ce ba laihina ba na, kada in yarda ko wa yaf faɗi." Ta gyara hijabinta. "Nic ce to don mi Baba ka cewa wasa nike? Tac ce in ƙyale ka, kai mutumin kirki na, kunya ta ka cin ka, da bakinka za ka hwaɗi. Duk salla in kun gama gaisawa sai in tambaye ta yaushe. Sai ta ce in ƙara haƙuri, ya kusa."

Na nemi gindin wata darbejiya na zauna. Ashe duk shekarun nan da nake ce mata yana nan, ita tana juyawa ta tsaya mini a wurin ɗiyata. Shekara takwas tana cewa ya kusa, na zo na makara da kwana tara.

Ya Allah, ga Inna nan ta iso gare ka a gajiye. Ta jira ni har ƙasa ta rufe idonta. Kada ka sa ta jiran rahamarka.